FILIN LAFIYAR IYALI: Mai Jinyar Hanta, Kula Da Wuyanki Da Idonki

 

Tun da aka sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano a shekarar 2024, wadda ta haɗa har da gwajin ciwon hanta, sai zancen hanta ya shiga bakin 'yan mata fiye da da. Yarinya tana zaman zamanta lafiya ƙalau, an kawo kuɗin gaisuwa, an sa rana, ana ta hidimar lefe, sai takardar gwaji ta fito da abin da ba wanda ya zata. Wata kuma ba ita ce mai ciwon ba, Umma ce ko Yaya, amma ita ce mai miƙa magani safe da dare, ita ce 'yar rakiya asibiti don ita ta iya karanta rubutun jikin kwali. To ku biyun nan nake so ku ba ni aron hankalinku yau. Abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kusan 1 cikin 100 kuma nau'in C. Sai dai akwai wani ɓangare na jinyar da ba a cika zama a warware wa mace shi ba, wato yadda take taɓa wuya da ido.

Ɗora yatsunki a gaban wuyanki, ƙasa da maƙogwaro kaɗan. A nan akwai wata 'yar tsoka mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, likitoci na kiranta tairod. Mu dai ba mu sanin da zamanta sai ranar da ta kumbura muka ce wance ta yi maƙoƙo. Aikinta shi ne fitar da wani sinadari da ke iza wutar jiki, kamar yadda kike iza wuta a murhu. In wutar ta yi ƙasa, sai mace ta dinga jin sanyi alhali kowa na fifita, ga kasala, ga barci ba ya isarta, bayan gida ya yi wuya, fata ta bushe, gashi ya dinga biyo mataji, al'ada ta yi yawa, mantuwa da ƙunci su sa ta a gaba. In kuma wutar ta yi yawa, sai gaba ya dinga dukan uku-uku, gumi ba dare ba rana, hannu na rawa, tana ci tana ramewa, barci ya ƙaura, abu kaɗan ta hau faɗa. A gida kuwa me za a ce? Ta farkon a ce son jiki ne ko sabon ciki, ta biyun a ce iska ce ko tunanin saurayi.

Ga inda gizo ke saƙar. Gajiya, rama, zubar gashi da ɓacin rai duk mai jinyar hanta ma tana fama da su. Don haka in tairod ta rikice a tsakiyar jinya, sai kowa ya ɗora wa hanta laifi, a yi ta haƙuri ana cewa ai jinya ta gaji haka, alhali ɗan gwajin jini guda, wanda ake kira TSH, zai raba gardama. Kuma dama hanta da tairod ba bare ba ne ga juna, domin sinadarin da tairod ke fitarwa, yawancinsa sai ya bi ta hanta da wasu gaɓoɓi an juya shi kafin ya yi wa jiki cikakken aiki.

Babban abin da ya haɗa wannan zumunci mai wahala shi ne wata allura da ake kira intaferon. Jikin mutum da kansa yana yin irin sinadarinta don yaƙi da ƙwayoyin cuta, allurar kuwa ƙara zuga sojojin jiki take yi. To zuga ba ta san iyaka ba. A jikin wasu, musamman mata da waɗanda ake da ciwon tairod a danginsu, sai sojojin su juya kan tairod ɗin kanta. Shekaru da yawa wannan allura, tare da wata ƙwaya mai suna ribabirin, ita ce maganin nau'in C, ana yinta sau ɗaya a mako har mako 24 ko 48, masu jinya na shan wuyar zazzaɓi da ciwon jiki. Daga ƙarshen 2013, da aka amince da ƙwayar sofosbubir a Amurka, sai lamarin ya juya. A yau nau'in C ƙwayoyi ake sha na mako 12 ga yawancin mutane, kuma fiye da 95 cikin 100 na warkewa sarai. Nau'in B kuma, ba kowa ne ma ake ɗora wa magani ba, wasu sa ido kawai ake yi ana gwaji, waɗanda aka ɗora wa kuwa yawanci tenofobir ko entekabir suke sha, su kuma ba a san su da rikita tairod ba. Amma allurar ba ta ɓace ba, har yanzu akan zaɓe ta ga wasu masu nau'in B na tsawon mako 48, ga kuma iyayenmu da aka yi wa ita shekarun baya, wasunsu tairod ɗinsu ba ta koma daidai ba har yau. Ban da haka, ita ƙwayar cutar nau'in C ɗin kanta an san tana tafe da rikicewar tairod da bushewar ido ko ba a yi allura ba.

Saboda haka 'yar uwa, in an ce za a fara miki wannan allura, ki buɗe baki ki tambaya ko an gwada tairod ɗinki, domin ƙa'ida ita ce a gwada kafin a fara, sannan a dinga maimaitawa kamar duk bayan wata 3. Kunya ba ta da amfani a ɗakin likita. In ya duba fayil ya ce an yi, ba ki yi asarar komai ba.

Yanzu mu zo kan wadda aka riga aka ɗora wa maganin tairod. In wutar ce ta yi ƙasa, ƙwayar da ake bayarwa ita ce tairoksin, za ki gan ta da sunaye irin su Eltroxin ko Euthyrox. 'Yar mitsitsiya ce, amma wallahi ba ta son kishiya. Ita kaɗai take so ta tarar da ciki wayam. Da kin tashi da asuba ki haɗiye ta da ruwa zalla, sannan ki jira minti 30 zuwa awa 1 kafin ki sa wani abu a baki. Shayi mai kauri da madara, kofi, koko, duk su dakata. Awara da madarar waken suya ma suna rage mata shiga jini, don haka mai son awara, ba hana ki na yi ba, ki dai kai ta rana ko yamma. Waɗanda suka fi kowa yi mata kutse kuwa su ne maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da maganin ƙarfin ƙashi, da farin maganin olsa ɗin nan na kwalba mai kama da kunu. Waɗannan sai an ba su tazarar awa 4 tsakaninsu da ita. Mace nawa ce take haɗa duka magungunanta a tafin hannu ta watsa baki lokaci guda ta kora da shayi don ta huta? Wata uku tana sha ba fashi, a je gwaji a ga kamar ba ta sha, likita ya ƙara mata ƙarfin magani, alhali maganin bai gaza ba, hanya aka tare masa.

Shi wannan maganin olsa, tun da mun ambace shi, ba tairoksin kaɗai yake tarewa ba. Wasu daga cikin ƙwayoyin nau'in C na zamani suna buƙatar tsamin ciki kafin su narke, don haka maganin da ke kashe tsamin ciki yana rage musu ƙarfi. Kar ki ce ai ɗan maganin ƙwannafi ne ba sai na faɗa ba. Ki faɗa. Entekabir shi ma cikin da ba abinci yake so, awa 2 bayan cin abinci kuma awa 2 kafin wani, shi ya sa mata da yawa suka fi jin daɗin a ba tairoksin asuba, a ba shi lokacin kwanciya. In azumi ya zo, ki tashi da wuri ki sha tairoksin kafin sahur da rabin awa ko fiye, ko kuma ki mai da ita lokacin barci in an yi awa 3 da cin abincin ƙarshe, amma ki shirya wannan da likitanki tun cikin Sha'aban.

Wani abu da ke karya wa mata gwiwa shi ne rashin ganin canji da wuri. Tairoksin ba Panadol ba ce da za ki sha yanzu ki ji sauƙi anjima. A hankali take taruwa a jiki, shi ya sa in an fara ta ko an canja yawanta sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a sake gwaji. Kar ki ƙara da kanki don kin ji kasala, kar kuma ki daina don kin ji garau. In kin manta da ta safe ki sha da kin tuna a ranar, in kuma har gari ya waye ki ci gaba da ta yau kawai. Ki adana ta nesa da zafin kicin da hasken taga, zafin bazarar nan tamu yana rage mata ƙarfi. Ku kuma 'yan kwalliya masu shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce, da yawansu akwai bayotin a ciki, shi kuwa yana sa gwajin tairod ya yi ƙarya, don haka a dakatar da shi aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jini.

In kuwa wutar ce ta yi yawa, a nan sai an taka a sannu, domin magungunan da ke rage ta suna iya taɓa hanta, hantar da dama a kan jinya take. Akwai wanda ake kira PTU, wanda aka san yana iya yi wa hanta mummunan lahani, akwai kuma kabimazol wanda ya fi shi sauƙi amma shi ma sai da sa ido. Mai shan ɗaya daga cikinsu, in ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambo a baki, ta dakata da shi ta nufi asibiti a ranar a duba jininta, kar ta tsaya cewa mura ce, domin wani lokaci yakan rushe ƙwayoyin jinin da ke kare jiki. Kuma ba kowane yawan wuta ne ma ke buƙatarsu ba. A kan allurar intaferon, sau da yawa tairod kumbura take yi ta zubar da abin da ta tara, wutar ta yi sama na 'yan makonni, daga baya ta faɗi ƙasa. Irin wannan sai dai a ba da abin da zai kwantar da bugun zuciya a jira. To yaya mai kemis zai bambance wannan da wancan ta hanyar kallon fuskarki? Shi ya sa ba na son jin an ce “maganin wance ne ya yi mata aiki, bari in sayo irinsa.”

Sai ido, wanda na san shi ya fi damun 'yan matana, don shi ne a fili.

Yawancin abin da mai jinyar hanta ke ji a ido bushewa ce. Ji za ki yi kamar an watsa miki yashi, ga raɗaɗi, ga ja, wani lokaci har hawaye na zuba, ki ce to ina bushewa ga hawaye? Ai shi idon ne ke kuka don ya rasa danshinsa na gaskiya. Hunturu da ƙurarsa, hayaƙin itace, turaren wuta, iskar fanka a fuska, da ƙura wa waya ido har tsakar dare ba ƙiftawa, duk ƙara wa Borno dawaki suke yi. Maganinsa mai sauƙi ne. Akwai ruwan ɗigawa da ke kwaikwayon hawaye, ba shi da wani ƙarfi sai jiƙa ido, ana ɗiga shi sau 3 ko 4 a rana. Ki wanke hannu, kar bakin kwalbar ya taɓa idon, kar ki ba kowa aro, in kwalba ta yi kwana 28 da buɗewa ki yar da ita ko da saura. Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi ki ɗora a kan ido a rufe na 'yan mintuna, ki sa tabarau in za ki hau babur ko ki shiga ƙura. Kwalli kuwa, na san zan sha harara, amma a ɗaga masa ƙafa har ido ya huce, shi da gazal da gashin ido na kanti da gamsa. Baƙin kwallin dutse da yawa akwai dalma a cikinsa, ga shi kuma tandu ɗaya gida guda ke zagayawa da shi. Ruwan nono, ruwan sukari, ruwan albasa, da sauran abin da maƙwabta ke kawowa don ƙauna, ki karɓa ki yi godiya, amma kar ya shiga idonki.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗigon nan da ake saye a kemis da an ga ido ya yi ja, a ce ai afolo ne. Da yawansu akwai sinadarin siteroyid a ciki. Kwana biyu ido ya yi fari tas ki ji daɗi, ki mai da shi abokin kwalliya, shi kuwa a ɓoye yana iya jawo hawan jinin ido da yana, kuma ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su. In gani ya yi dishi-dishi farat ɗaya, ko wani gefe ya yi duhu kamar an saki labule, ko kina ganin abu bibbiyu, ko launuka sun dusashe, ko idon na ciwo mai tsanani, wannan ba zancen ɗigo ba ne, likitan ido za a nufa a ranar. Allurar intaferon takan taɓa ƙananan jijiyoyin jini na can bayan ido, musamman ga mai ciwon sukari ko hawan jini, shi ya sa ake so a leƙa bayan idon tun kafin a fara. Wata kuma idon ne zai dinga firfitowa, fatar sama ta ja baya kamar mai mamaki, da safe ya kumbura, in ta yi barci ba ya rufuwa duka. Wannan daga tairod yake, kuma hayaƙin sigari da shisha suna ƙara masa tsanani ƙwarai, ko da na wani ne kike shaƙa. Ƙara matashi a ɗaga kai lokacin barci yana rage kumburin, amma dole a gan ki a asibitin ido. Muna da su, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, ga sassan ido na asibitocin koyarwa. In kuwa farin idon ne ya koma rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, to wannan shawara ce, saƙo ne daga hanta, wurin likitan hanta za a koma, ba wurin mai jiƙe-jiƙe ba, domin duk abin da kika sha hantar ce za ta tace shi.

Ku saurara da kyau a nan. In ciwon idon tairod ya yi tsanani, maganin da likitan ido ke bayarwa siteroyid ne mai ƙarfi, sau da yawa ta jijiya. Shi kuwa yana kwantar da sojojin jiki, ƙwayar cutar nau'in B da ke kwance lamo ta samu sarari ta farka ta afka wa hanta. In likitan ido ya san kina da ita, zai haɗa kai da likitan hanta a ba ki kariya kafin a fara. In kin ɓoye don kunya, ko don kina ganin me ya haɗa ido da hanta, kin jefa kanki a rami da hannunki. Haka ƙwayoyin nan na ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda amare ke sha don su ciko kafin biki, da yawansu dangin wannan sinadari ne. Mai ciwon hanta da ta rame ta ce bari ta ciko da su, ta ɗebo ruwan dafa kanta. Ko su ƙwayoyin nau'in C na zamani, tun 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a gwada nau'in B kafin a fara su, don shi ma yakan farka a lokacin. Mai shan tenofobir ko entekabir kuma kar ta yanke shi rana tsaka don kuɗi sun ƙare ko don ta ji sauƙi, yankewar kan tayar da ciwon fiye da da. In aljihu ya yi nauyin ɗauka, a gaya wa likita tun saura kwanaki.

Amarya, na san tambayar da ke cin ranki tun ɗazu, to aure fa? Ciwon hanta ba ya hana aure. Nau'in B ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya ko gumi ko gaisawa, ta jini ne da saduwar aure da kuma daga uwa zuwa jariri. A gwada angon, in ba shi da shi a yi masa rigakafi allura 3 cikin wata 6, jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Abin da ke buƙatar shiri shi ne ciki. Ribabirin, wadda har yanzu akan ƙara wa wasu masu nau'in C, tana nakasa ɗan tayi, don haka ba a ɗaukar ciki ana shanta, ko matar ce ke sha ko mijin, har sai an yi watanni da gamawa. Intaferon ma ba a yinta da ciki. Kabimazol ana duba lamarinsa tun kafin a samu cikin, domin watannin farko ne ya fi hatsari. Tairoksin kuwa akasin haka ce, mai ciki ba ta daina ta, ƙari ma ake yi mata, domin a watannin farko ƙwaƙwalwar jariri da sinadarin uwa ta dogara. Ranar da kika ga batan wata, a makon nan ki je a gwada, kuma ki tuna maganin ƙarin jinin da za a ba ki a wurin awo yana cikin masu jiran awa 4.

Ke kuma ƙanwata mai jinyar Umma, ga aikinki na wannan mako. Ki yago takarda daga tsakiyar littafinki, ki zazzage ledar magungunanta a tabarma, ki rubuta sunan kowanne yadda yake a jikin kwali, da lambar da ke gefen sunan, da lokacin da take sha. Ki sa har da ɗigon ido, da na olsa, da garin da Gwaggo ta aiko daga ƙauye. A ƙasa ki rubuta ranar gwajin TSH na ƙarshe da abin da ya nuna. Ki naɗe ta cikin katin asibiti, duk likitan da kuka shiga wurinsa, na hanta ne ko na ido ko na awo, ki miƙa masa ita kafin ya ɗauki biro.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu taɓa zancen man bilicin da abin da yake yi wa fata da ƙoda. Masu tambaya ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Ku huta lafiya.